Katin Sautin da Na Zaɓo da Dokar Kasuwar Tattasai

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko na so in manta ma ba a bari, don duk wadda ta shigo gidanmu sai ta ce a nuna mata abin da na sayo. Yana nan cikin kabad tsakanin kwanukan tangaran, har yau yana ƙanshin turaren wuta.

Sai kun san ko ni wace ce kafin ku gane nisan faɗuwar. Tun ina budurwa nake cikin tattasai, daga gonarmu ta bakin Komadugu wajen Geskeru har kasuwar Diffa. Ban shiga lakkol ba, wato makarantar boko, ko na yini ɗaya, amma ba a haifi dillalin da ya taɓa ɗora mini jiƙaƙƙen buhu ba. Girgizawa ɗaya nake yi, in saurari ƙarar 'ya'yan, in gaya maka kwana nawa ya sha rana. Kuma ina da dokata ta kasuwa. Kada mai kaya ya san abin da ya kawo ka. In ya yi tambaya kada ka amsa, don da amsarka zai ɗaure ka. Abin da ya fara turo maka kuwa shi ne wanda ya gaji da gani, na kirkin yana can baya. Da wannan doka na aurar da 'ya'ya, da ita na je Makka. (Ku riƙe ta a rai, za ta dawo.)

Ina da yaya guda, Kaltume, Allah ya jiƙanta. Shekarar da tashin hankali ya sa muka baro bakin kogi a guje, 'ya'yanta biyu, Amsatu da Fanna, ba su tsira da komai nata ba sai wani tsohon kaset da aka ɗauka a wani suna, tana waƙar niƙa tana hira da mata. Rediyon da zai kaɗa shi ma babu. Jikata Bintu, wadda ke aikin jinya a dispanser kuma nake zaune wurinta, ita ta kai aka juye kaset ɗin cikin ordinatar ɗinta, wato kwamfuta, irin wadda ake naɗewa kamar faifai biyu. Bintu mai son kiɗa da kallo ce. Ta jera lasifika biyar ƙanana a salo, ɗakinmu na zama, da wata ƙatuwa ƙarƙashin tebur mai kama da turmi, duk ta haɗa su da ordinatar da tele.

Sai dai da an kunna, wani zuuu ke tashi, kamar an taɓa gidan rina. In fim ne ana haƙuri da shi. Amma muryar Yaya siririya ce a kaset, zuuu ɗin ya danne ta ɗungum, sai ka ji kamar mutum na magana daga cikin rijiya. Bintu ta ce abin da ke fitar da sauti a cikin ordinatar ɗin ne ba shi da ƙarfi, sai an sayo wani, kart son, wato katin sauti.

Ni kuwa na riga na aika wa Amsatu da Fanna can Assaga cewa su zo ran Asabar su ji uwarsu. Da hantsi za su iso, da la'asar motarsu ta juya, ba ta jiran kowa. Amsatu tun rasuwar ba ta ƙara jin wannan murya ba.

Bintu ta rubuta sunan katin a takarda, ta ce ran Juma'a za ta biya ta sayo. Ran Alhamis aka sa ta gardi, wato kwana a wurin aiki, har safiyar Asabar. Daga nan zama ya gagare ni. In shiga ɗaki, in fito, in leƙa takardar a kan tele, in koma. Na share tsakar gida sau biyu. Na ɗora shayi na manta da shi har ya ƙone. Da hantsin Juma'a na ce wai ni da na sayi buhuna ba iyaka, wani ɗan kati ne zai tsaya mini? Na ninke takardar, na ƙulle ta a bakin zane, na tari taksi.

Butikin, wato shagon, na wani Alhaji Lawali ne, Badamagare, mutum mai sanyin magana. Ya ba ni kujera, muka gaisa har da tambayar ruwan kogi.

"Hajiya, me za a kawo?"

"Ina dai dubawa," na ce. Sai da na sa ya sauko da rediyo biyu da fitila ɗaya, sannan na ce, kamar abin bai dame ni ba, "Wai kuna da ɗan abin nan, kart son?"

"Akwai. Ordinatar ɗin wace iri ce? Mai babban akwati, ko wadda ake naɗewa?"

Na san amsar sarai. Kullum ina ganin Bintu tana naɗe ta. Amma doka doka ce.

"Kai dai fito da kaya, ni zan zaɓa."

"Ba a ba ki suna a takarda ba?"

Takardar tana nan tana sukar ƙuguna. Na ce, "Alhaji, ka ga na yi kama da 'yar aike?"

Ya yi murmushi, ya miƙo wani ɗan akwati baƙi, bai kai sabulun wanka ba, da 'yar igiya kamar wutsiyar ɓera. Ya ce yawanci wannan ake saya yanzu, a jikin ordinatar ake soka shi daga waje. Na ɗauka, ba nauyi. Na girgiza a kunne, shiru. Na ƙwanƙwasa da farce, ya yi ƙarar fanko. A raina na ce to, ga wanda ya gaji da gani. Na ture shi gefe da bayan hannu.

"Ɗauko mini na baya. Wancan na sama, mai ƙura."

"Hajiya, wancan na cikin..."

"Ɗauko dai."

Ya hau kujera ya sauko da shi. Da ya buɗe kwalin, zuciyata ta kwanta. Faranti ne kore, ya fi tafin hannuna, an jera masa ƙananan abubuwa kamar gari da unguwanninsa, ƙasansa da haƙora ruwan zinariya. A gefe ga ramuka biyar, kowanne da launinsa. Na ƙirga su da yatsa. Lasifikar Bintu ƙanana biyar, ramuka biyar. Wa zai gaya mini?

"In ta naɗewa ce, ba zai shiga ba," in ji Alhaji. "Ki bari in kira mai ordinatar ɗin a waya."

"Mai ordinatar ni na yi wa uwarta wankan jego. Ɗaure mini."

Ya ɗaure. Har na kai ƙofa yana cewa, "Gobe muna nan har la'asar, Hajiya." Na ɗauka gaisuwa ce.

A gida na yage ledar nan mai ƙyalli da aka sa shi ciki, don wari take yi. Abin da zai ɗauko muryar Yaya ba zai zo da warin butiki ba. Na zuba garwashi a kasko, na sa turaren da nake ɓoyo don baƙi, na turara shi ciki da baya, na naɗe a sabon kallabi. Na leƙa katanga na gaya wa maƙwabciyata yadda Badamagare ya so ya liƙa mini fanko na gane shi. Ita kuma ta gaya wa unguwa. (Ban ce ta gaya ba. Ban kuma ce kada ta gaya ba.)

Asabar da hantsi salo ya cika. Amsatu da Fanna a kan tabarma kusa da lasifika, maƙwabta har bakin ƙofa. Bintu ta shigo da farar rigarta, ido ja don gajiya, tana cewa bari ta sha ruwa ta ruga kasuwa.

"Zauna, 'yar nan," na ce. "An gama."

Na ɗauko kallabin da hannu biyu, na warware a hankali yadda kowa zai gani. Mata suka ce ma sha Allah. Bintu ta matso. Ta dubi katin, ta dube ni.

"Kaka, wannan fa?"

Ban tsaya amsa mata ba. Na durƙusa gaban ordinatar da kaina, na shiga neman bakin da zan sa shi. Na duba dama, ramukan ko ɗan yatsana ba zai shiga ba. Na duba hagu. Na ɗaga ta na leƙa ƙasa. Na ga wata 'yar tsaga inda ake sa faifan fim, na kafa haƙoran zinariyar nan a ciki na fara turawa. Bintu ta riƙe mini hannu.

"Kaka, za ki kashe ta. Wannan na cikin babbar ordinatar ne, sai an kwance ta da turnabis a dasa shi. Tamu ba ta da cikin da zai zauna."

"Ramukansa biyar," na ce.

"Na gani. Kin nuna wa mai butikin takardar?"

Da a ce ƙarya ta zo mini da na yi, amma duk idanu suna kan ƙuguna, inda ƙullin ya yi tudu. Na kwance bakin zane. Takardar ta faɗo a ninke yadda na ninke ta jiya, ko buɗe ta ba a yi ba. Maƙwabciyata ta sa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Wata daga ƙofa ta ce, "Wai ba shi ne na bayan ba?" Dariya ta fashe.

Dariyar ban damu da ita ba sosai. Amsatu ce ba ta yi ba. Ta juya tana duban inuwar katanga a tsakar gida, tana auna saura nawa la'asar, sannan ta ce a hankali, "Ba komai, Inna. Wata rana ma ji." Wannan "ba komai" ta fi mari zafi.

Na ɗauki mayafina. Bintu ta ce in zauna ta je ita kaɗai, na ce ƙafar da ta kai ɓarna ita za ta koma. A taksi ban iya zama daidai ba, ina ta ce wa direba ya taka, shi kuwa kowane mai ɗaga hannu sai ya tsaya masa.

Alhaji Lawali na hango mu ya sunkuya ƙarƙashin kanta, ya ɗauko ɗan baƙin akwatin nan ya aje. Tun jiya bai mayar da shi wurinsa ba. Na miƙa masa takardar ba tare da na dube shi ba. Ya karanta, ya juya akwatin, ya nuna mini bayansa. Ramuka ne jere, masu launi. Jiya ban juya shi ba.

"Ta naɗewa ce," na ce, ko da yake bai sake tambaya ba.

"Na yi zato, Hajiya." Ya ɗauki babban ya sunsuna, ya sake sunsunawa. "Wannan kam ya zama naki. Ya sha turare ya fi amarya, ba mai saye."

Mun dawo inuwa ta kusa cin rabin tsakar gida. Bintu ta soka wutsiyar ɓeran a gefen ordinatar, ta bi igiyoyin lasifika ɗaya bayan ɗaya ta sa kowace a raminta, ta danna. Na jira zuuu. Babu. Sai ƙarar dutsen niƙa, sai awarwaro, sai tarin nan nata guda biyu da take yi kafin ta ɗauki waƙa. Yaya Kaltume ta shigo salon kamar tana zaune bayan tele. Fanna ta kife fuska a cinyar Amsatu. Amsatu ta miƙa hannu ta dafa lasifikar da ke kusa da ita, ba ta ɗauke ba har waƙar ta ƙare.

Da ma a nan kaset ɗin ya tsaya. Amma bayan waƙar akwai hira, wadda zuuu ya daɗe yana rufa mini asiri a kanta. Muka ji Yaya, tar, tana ce wa matan sunan, "Ku bar ƙanwar nan tawa. Tana yarinya aka aike ta sayen tulu. Mai tukwane ta miƙa mata ɗan daidai, ta ce a'a, na baya take so, ƙaton. Ta cika shi da ruwa, ta ɗauko shi a ka tun daga kogi, kafin ta iso gida ruwan duk ya ƙare a bayanta. Fasasshe ne aka jingine."

Amsatu ta yi dariya da hawaye a fuska har ta kwanta. Ta sa aka maimaita wurin sau uku kafin su tashi, kuma ba wurin waƙar ba. Sun sami motarsu.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ni da na san buhun tattasai in ya cika nauyi jiƙaƙƙe ne, na je na auna abin da ban sani ba a tafin hannu. Yanzu in na shiga butikin Alhaji Lawali, tun daga ƙofa nake kwance bakin zane in miƙa takarda, duk abin da ya tambaya in amsa kamar 'yar lakkol. A kasuwar tattasai kuwa dokata na nan yadda take. Sai dai in Bintu za ta kunna wa baƙi kaset ɗin Yaya, da waƙa ta ƙare nake tuna na bar tukunya a wuta.