Jiminar Orville da Makullin Akori-kura

"Lafiya lau na tashi, kafin in ga fuskarki," in ji Orville, yana riƙe da igiyar karensa Tank a ƙofar gareji.

"Ni ma Tank na zo gaisarwa, Kaka. Kai gyara ne aka ɗora min," in ji Josie.

Ina jingine da shingen da ya raba gonata da tasa lokacin da jikarsa Josie ta fito daga motarta. Na san abin da ya kawo ta. Uwarta Lorna ce ta turo ta daga birni ta karɓe makullin akori-kurar tsohon. A 'yan kwanakin nan ya buga wa Lorna waya ya ce ya ga tsuntsun da ya fi shi tsawo yana tsallaka titi. Ya sake bugawa ya ce ana sace masa abincin kare, ga mota tana tari ta ƙi gudu. Lorna ta haɗa su wuri guda ta ce ruɗewar tsufa ta kama babanta. Mu nan kuwa, wanda aka raba da makullinsa an raba shi da gidansa ne, don kanti ma ba a zuwa da ƙafa. Daga nan sai gidan tsofaffi. Raina bai so ba ko kaɗan.

"To, ina tsuntsun naka? Ko ya shiga ciki shan kofi?" in ji Josie.

"Yana nan. Ƙafafu zalo-zalo, ƙaramin kai ba komai a ciki. Da na hango shi na zaci ke ce kika zo hutu."

"Da wane idon? Wanda ya sa ka tsaya kana gaida akwatin wasiƙar Misis Tveit?"

"Akwatin ya fi ki ladabi, bai mayar min da magana ba."

Josie ta ce tun da ake yawo da karen nan, Tank ne ke jan tsoho, shi ke kai shi ya dawo da shi gida. Orville ya ce ko ba komai Tank bai taɓa ƙona dankali ba, ita kuwa ruwan zafi ma sai ta tambayi wayarta yadda ake dafawa. Ta miƙa hannu, ya ajiye mata makullin yana dariya, amma na ga yadda ya kau da kai. Ita ma ta gani.

Ta tada akori-kurar. Injin ya yi tari, ya shaƙe, ya mutu.

"Sa'arka ce, Kaka. Tare za a binne ku."

"Ta kai kakarki asibiti ranar da aka haifi uwarki. Ki yi mata magana da girmamawa."

Josie ta ɗaga bonet, ta taɓa nan, ta taɓa can, sannan ta ɓalle murfin akwatin da injin ke shaƙar iska ta cikinsa. Sai ga abincin kare yana zubowa yar, har kan takalmanta. Akwatin cike yake dam. Sanyi ya kusa, ɓeraye sun yi ta jida daga buhun da ke jingine da bangon gareji suna tara guzuri a inda ya fi ɗumi. Tank bai jira gayyata ba.

"Ga ɓarayina," in ji Orville, ya gyara hularsa. "Ga kuma tarin motata. Kira uwarki."

"Biyu ka ci. Saura tsuntsu, tsoho. Ko shi ma yana cikin injin?"

Ya tafi a hankali ya zagaya motarta, ya sunkuya, ya zaro wata doguwar ciyawa daga ƙarƙashin bamba. Laka ta shafe gefen motar har ƙofa. Ciyawar nan kowa ya san wurinta, ramin gefen titi ne kusa da gada, daidai inda ya ce ya ga tsuntsun.

"'Yar nan, titin miƙaƙƙe ne, rana kuma ta fito. Me kika je nema a rami?"

"Barewa ce ta gitta."

"Barewa mai ƙafa nawa?"

Josie ta dube ni, ta dubi kare. Ta cije leɓe, amma dariyar ta fi ƙarfinta.

"Biyu. Ta tsaya tsakiyar titi tana kallona kamar ni na shigo mata gida. Jimina ce, Kaka, ko daga gonar wa ta tsere."

"Kuma kika zo kina min tsiya?"

"To in bar ka ka ci nasara tun da safe?"

Ta zuba sauran abincin a hularsa, ta rufe akwatin, ta murza makulli. Motar ta tashi sumul. Ta fito ta danƙa masa makullin a tafin hannu, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Zan gaya wa Mama kanka ɗaya, halin ne dai ba magani."

"Ki gaya mata ta karɓe naki," in ji shi, ya buɗe mata ƙofar gefe. "Shiga, ni zan tuƙa. Wanda ya faɗa rami ba ya zama a sitiyari."