Ranar da na kai ƙirgar dangi asibiti

Har gobe ina jin haushin iyayenmu mata, don babu wadda ta taɓa zaunar da ni ta faɗa min yadda jikin mace yake girma. Shi ya ja min kunyar da ba zan manta ba har in koma ga Allah.

Lokacin ina aiki a wani kamfanin takalman roba a Challawa, da yamma kuma ina zuwa makarantar yaƙi da jahilci. Shekarata talatin da takwas na fara haɗa baƙi, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro boko. Sai ga ma'aikatan lafiya sun zo kamfani sun raba mana takarda a kan sankarar mama. Na karance ta tas (da yatsa, amma dai na karanta). Abu ɗaya ya zauna min: in kin ji ƙululu, ki ruga asibiti.

Bayan kwana uku na tarar da 'yata Zuwaira, mai shekara goma sha ɗaya, tana kuka a bayan ƙyaure. Ashe sati biyu tana ɓoye wani abu mai tauri a ƙirjinta na hagu, yana mata zafi. Ta ji mata suna zancen wata maƙwabciyarmu da cutar ta kashe.

"Umma, ni ma mutuwa zan yi?"

Na taɓa wurin, ai kuwa ƙululu! Maimakon in lallashe ta, sai na ɗora hannu a ka. Kafin la'asar rabin layinmu a Panshekara sun zo jaje.

Na ja ta asibiti, na tsallake layi, ina faɗin a ba mu hanya, rai ne. Nas ɗin ta duba ta a tsanake, ta ce, "Hajiya, wannan ai..."

Na katse ta. "Kada ki raina min hankali, ni ma na yi karatu. Gefe ɗaya ne, kuma da tauri!"

Wata tsohuwa mai shara ta jingine tsintsiyarta ta leƙo.

"Ke baiwar Allah, ƙirgar dangi ce fa! Ke naki rana ɗaya kika tashi kika gan su?"

Matan da na tsallake suka kwashe da dariya, har da mai tafa hannu. Ni da na shayar da 'ya'ya biyar! Da ƙasa za ta tsage, da na shige har da mayafina.

Nas ta gimtse dariya ta yi wa Zuwaira bayani. Ta ce haka yake farawa, ɗan tauri a ƙarƙashin kan nono, da zafi, sau da yawa ɗaya yana riga ɗaya. Sankara a waɗannan shekarun abu ne mai wuyar gaske, amma in ya yi ja, ko yana fitar da ruwa, a dawo.

A adaidaita sahu Zuwaira ta ce, "Umma, to me za ki faɗa wa 'yan jaje?"

Ranar na san rabin ilimi ya fi jahilci ƙara. Gari na wayewa na bi layinmu gida-gida na janye jajen da bakina, sannan na tara 'yan matan gidanmu su huɗu a ɗaki, na turo ƙofa, na ce kowacce ta tambaye ni abin da take jin kunyar tambaya.