Kashin Ragon Kafilina

Ba zan taɓa mantawa da satina na uku a Riyad ba, ko da na so in manta.

Aikin likitan dabbobi ya kawo ni, a gonar kafilina (ubangidan da ya tsaya mini na shigo ƙasar) da ke bayan gari, inda yake kiwon tumakin dawa masu murɗaɗɗen ƙaho. A satin nan na tarar babban ragonsu yana zawo, ya rame. Na ce kwaksidiya ce, wata ƙwayar cuta da ke cin hanjin dabbobi. Na ɗebi kashinsa a 'yar roba mai jan murfi don a gwada.

A satin ne kuma zan yi gwajin lafiya na iƙama, wato takardar izinin zama, wanda in ka faɗi sai jirgi zuwa gida. A asibiti ma irin robar nan suka ba ni in kawo nawa kashin. Na jera su biyu a firij ban rubuta suna ba (ai ni likita ne, wa zai koya mini?).

Washegari na kai ɗaya asibiti, ɗaya wurin gwajin dabbobi. Bayan kwana biyu aka kira ni asibitin, a unguwar Badi'a. Na tafi ina ta addu'a, don na riga na cika wa mutanen gida baki. Likitar Bakanuwa ce, dattijuwa. Ta dubi takarda, ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam, tsakaninka da Allah, me kake ci?"

Na ce, "Kabsa, Hajiya, shinkafar nan tasu da nama. Wani lokacin taliya."

"Ban da ciyawa? Don ga ta nan fal. Ga kuma kwaksidiyar tumaki. Tunda nake aiki ban taɓa ganin ta a cikin ɗan Adam ba."

Wallahi nan take na gane na musanya robobin nan. Amma ka san abin da ya fito daga bakina?

"Alhamdulillah, ashe na canka daidai."

Ta yi dariya har ta cire tabarau, sannan ta miƙo mini sabuwar roba ta rubuta sunana da hannunta.

Ina komawa gona na iske sakamakon "rago" ya iso: babu kwaksidiya, sai tsutsar ciki irin ta mutane. Kafilina ya riƙe takardar yana ta tambaya, "Ya duktur, a ina ragona ya samo wannan?"

Na sha maganina, rago ya sha nasa, iƙama ta fito. Yanzu ko ruwa zan sa a firij sai na rubuta suna.