Ranar da Maganaɗisu Ya Kama Awarwarona

Ko na so in manta da kai lefen ɗan Gwaggo Asabe a Hayin Banki, matan unguwar ba za su bar ni ba. Sana'ata awon gwal ce. Ni ake kawo wa sarƙa in goga a dutse in faɗi matsayinta, har wajen rabon gado akan kira ni, kuma abin da na ce shi ake ɗauka. (Na yarda, wannan ya ɗan kumbura min kai.)

Muna cikin mota Gwaggo ta matso kusa da ni. “'Yar nan, dangin amarya sun san aikinki. In sun miƙo miki sarƙar lefen, ki ce gwal ce tsantsa, ki rufa mana asiri.”

Na ce, “Gwaggo, in amarya ta tashi sayarwa fa? Sunana za ta kira.”

“To uwar iya! Sai ki tona mana.”

Aka buɗe akwatuna, ana ta guɗa. Yayar uwar amarya kuwa ta miƙo min sarƙar, ta ce, “Ga mai abin nan, duba mana.” Tun a hannu na ji nauyin bai kai ba. Da na ce ruwan gwal aka yi mata na yi shiru, da an wuce wurin. Ina! Sai da na gyara zama, na zaro maganaɗisu daga jaka, na hau yi musu karatu: gwal na gaskiya ba ya bin wannan, duk abin da ya bi shi ƙarfe ne, ko a wuyan wa yake.

Na kai shi kusa da sarƙar. Kafin ya isa, sai ji na yi ƙas! Ya manne da awarwaron hannuna na hagu, wanda tun shigowarmu ake yabawa ina cewa “Allah ne.” Na ja, ya ƙi saki. Sai dariya ta ɓarke a falon.

Gwaggo ta tafa hannu. “Kun ga mai awon! Ƙarfe take yawo da shi.”

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Amma na ɓamɓare maganaɗisun, na ɗora a kan sarƙar, ita ma ta biyo shi zuruf. Na dubi Gwaggo na ce, “Nawa ƙarfe ne, naku ma haka. Ni dai ban sa nawa a akwatin kowa ba.”

Sai da ango ya canza sarƙa kafin ɗaurin aure. Gwaggo har yau da ƙyar take amsa gaisuwata, yaran layin kuma Anti Ƙarfe suke kirana. Su kira. Gobe ma a miƙo min jabu, jabu zan ce, ko na uban waye. Sai dai yanzu kafin in buɗe baki, nakan fara tuɓe na hannuna in jefa a jaka.