Man Shanun da Na Kai wa Surukata

A waya na ga ana kwaɓa ɗanyen man shanu da tafarnuwa da ganye a shafa wa burodi, na ce ai wannan ko ido rufe na yi shi. Na sayi mai wajen Bafulatanar da ke kawo mana nono a Kankiya, na daka tafarnuwa da na'a-na'a, na cuɗa, na cika roba. Don a san ɗansu wayayya ya aura, har ƙauyensu Boko na kai wa surukata.

Kunya ta hana ni bayani. Na durƙusa, na tura robar gabanta, na fice.

Da muka koma gaisuwa ni da mijina, tun daga zaure warin tafarnuwa ya tarbe mu. Inna ta miƙe ƙafafu, gwiwoyinta sai ƙyalli suke.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Tun da nake shafa maganin nan gwiwar ta saki."

Mijina ya fice da sauri, ina jiyo dariyarsa.

Yanzu na gaji da dakan tafarnuwa, tsofaffin Boko sai aiko robobi suke. Ƙannen mijina kuwa, ko a gidan biki suka hango ni sai su fara ɗingishi: "Likita, a taimaka!"