Matsattsen Fim ɗin Auren Lawali

Ba zan taɓa mantawa da abin da wata kalmar Faransanci ta yi mini a gaban dangina a ƙauyenmu Deule ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, da fari a kan wanda ya ɗora wa kalma ɗaya aiki biyu, daga baya kuma a kan kaina.

Ni ma'aikaci ne a biro, wato ofishin rajistar haihuwa da aure da rasuwa, a wata ma'aikatar magajin gari ta yankin Buza. Ban taɓa sa hannu a kan takardar da ban karanta ba, ban kuma taɓa buga hatimi a kan abin da bai cika ba. A biron namu takarda iri biyu ce. Akwai cikakkiyar kwafi, wadda ke ɗauke da duk abin da aka rubuta a rajista. Akwai kuma «extrait», wato tsakure: suna, rana, gari, shi ke nan, an bar sauran. Shekara da shekaru ina koya wa jama'a wannan bambanci ta taga (wani lokaci da ɗaga murya, na yarda).

A shekarar da abin ya faru, yanar ido ta rufe idanun Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina, har ta kai sai ta kusanto da abu dab da hancinta take gane shi. An sa mata ranar aiki a asibitin mishan. Ana cikin haka jikanta Lawali, wanda ke bida, wato ci-rani, a Abijan, ya yi aure can. Mahaifinsa Mamman, taubashina, bai je ba saboda jinyar tsohuwa. Lawali ya sa aka ɗauki fim, ya zuba a kle, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, ya ba wani ɗan Tamaske mai dawowa gida ya kawo mini. Roƙonsa ɗaya ne: in sa fim ɗin a lojisiyal ɗin montaj, manhajar gyaran fim da ke cikin odinatar ɗina, wato kwamfuta, in yanke hayaniya, in ƙara girman fuskar amarya yadda Gwaggo za ta iya gani.

Ita ma Gwaggo da na je gaishe ta abin da ta ce ke nan: "Mushe, ni dai in ga huskar yarinyag ga tun ina da sauran gani. In sunka taɓa idon nan, Allah kaɗai ya san abin da za ni tashi da shi."

Mushe suke ce mini, wato malam da Faransanci. Na ce mata ta ɗauka an gama. (Na taɓa haɗa hotunan bikin dashen itatuwa da kiɗa a ƙarƙashi, aka yi mini tafi, tun daga nan nake ganin kaina gwani.)

Na sa kle, na tarar da fishiye, wato fayil, ɗaya tak, mai hoton jaka da zif a jikinta. Na ja shi zuwa cikin lojisiyal, ya ƙi shiga. Na sake ja, ya ce bai san irin wannan ba. Na kashe na kunna. Na canza masa suna, na ba shi suna mai kyau da cikakkiyar rana da gari, kamar yadda ya dace da kowace takarda, duk da haka ya ƙi. Da na duba bayaninsa sai na ga an rubuta «compressé», wato an matse shi. Da na danna hannun dama na suri, linzamin odinatar, kuma, sai ga umurni a gabana: «Extraire tout».

Nan take na fahimci komai, ko kuwa in ce na ɗauka na fahimta. An matse fim, an kuma ce in ciro «extrait». Ashe yaron nan tsakure ya aiko wa kakarsa! Ya ɓoye cikakken biki, ya turo guntu, yana kuma so ni, da hannuna, in tabbatar masa da wannan aika-aika. Kalmar «tout» da ke gefe, mai nufin duka, na gan ta sarai, amma na ɗauke ta a matsayin irin zaƙin bakin ’yan kasuwa. A iya sanina ba a taɓa yin tsakure na duka ba. Na janye hannuna daga suri kamar na taɓa garwashi.

Ban tambayi kowa ba. Ni ake tambaya.

Abin da na yi shi ne na shiga gurup ɗin dangi na waya, na yi bayani da murya, dogo, mai sashe-sashe. Na ce bida ba ta koya wa wasu komai ba sai rowa. Na ce tsohuwar da ta goya mutum ba ta cancanci guntu ba. Na rufe da cewa ba zan buɗe komai ba sai an aiko cikakkiyar kwafi. (Ban lura ba cewa a makon nan aka sa amarya a gurup ɗin, don ta san dangin miji. Muryata ce farkon abin da ta ji daga ƙasarmu Adar.)

Lawali ya amsa cikin ladabi: "Baba, don Allah ka yi haƙuri. Duka shina ciki. An matse shi ne don ya shiga kle. Ka taɓa extraire kawai."

Na ce to, ga shi ya amsa laifinsa da bakinsa. Na maimaita masa cewa ni ba na karɓar tsakure. Daga nan yaron ya yi shiru, ni kuwa na ɗauki shirunsa a matsayin kunyar wanda aka kama.

Kwanaki suka tafi, ba fim, ba montaj. Ana gobe za a kai Gwaggo asibiti na ɗauki odinatar na tafi Deule bayan azahar, ba don in nuna biki ba, sai don in nuna hujja. Na tarar an share tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi a rumfa, mata da maƙwabta sun cika, domin Mamman ya riga ya shelanta cewa Mushe na tafe da amarya a cikin jaka.

Na tsaya na yi jawabi. Na bayyana musu bambancin cikakkiyar kwafi da tsakure, har da misalai. Ina tsakiyar misali na biyu Mamman ya katse ni.

"Kai Mushe, tun ɗazu kake huɗuba awa limamin Juma'a. Taɓa abin nan mu gani mana. In guntu ne, mu talakawa mun saba da guntu."

Na ce mutunci ba ya karɓar guntu.

"Mutuncin wa? Kai ka yi auren?"

Aka yi dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Ta juyo da fuskarta wajen da take jin muryata, ta ce, "Ɗan nan, gobe da sahe za a ɗauke ni. Ko kunnen amarya ne ka gwada min."

Maganar ta soke ni, amma maimakon in sauko sai na ƙara hawa. Na ce to, tunda haka ake so, kowa ya zama shaida, zan danna don a ga irin abin da yaron nan ya raina mu da shi. Na juya ekran, wato fuskar odinatar, wajen jama'a, na ɗaga yatsa sama yadda na baya za su gani, na danna.

Wani koren layi ya fara tafiya. Da ya kai ƙarshe sai jaka ta buɗe, fina-finai suka zubo, jere bisa jere, har sai da na yi ta gangarawa ƙasa ban kai ƙarshensu ba. Ɗaurin aure, walima, kai amarya, gaisuwar ’yan Adar mazauna can ɗaya bayan ɗaya, har da wani wurin da mai ɗauka ya manta bai kashe ba, ya ɗauki takalman mutane a ƙofar masallaci. Ko a rajistata ban taɓa ganin abin da ya cika haka ba.

Mamman ya leƙo ta kafaɗata, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mushe, wanga shi ne guntun? To Allah shi tsare mu da cikakken, da sai mun kai kaka muna kallo."

Na buɗe fim ɗin kai amarya, sai ga ta can nesa cikin taron mata, fuskarta ba ta fi ƙwayar wake ba. Gwaggo ta manna ido a ekran, ta ce ba ta ganin komai sai zannuwa. Aikin da aka ba ni tun farko ke nan, ga shi ban yi ba. Na ja fim ɗin zuwa cikin lojisiyal, ya shige salin-alin kamar bai taɓa yi mini gardama ba. Gumi na ɗiga a kan maɓallai, mata na ba ni shawara ta kowane gefe, na nemo inda amarya ta ɗago kai, na tsayar, na ƙara girma har fuskarta ta cika ekran.

Gwaggo ta matso har numfashinta ya dusashe gilashin. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Tana da wushirya. Alhamdu lillahi." Ta shafa fuskar da yatsa, ta koma ta jingina da bango.

Na fara naɗe waya a hankali, ina fatan an manta da ni. Ba a manta ba.

"Mushe," in ji ta, "inda ka zagi jikana, nan za ka koma ka ba shi haƙuri. Da murya. Kuma tsawonta ya kai na waccan."

Na yi, a tsaye, a gaban kowa, Mamman na riƙe mini wayar yana cewa in ƙara, bai kai ba tukuna. Lawali ya amsa da cewa ba komai. Amarya ce ta turo gaisuwa daga baya, ta ce ta gode wa Baba, ta ji dai Baba mutum ne mai son a yi abu daidai. Wannan ladabi nata ya fi dariyar Mamman ciwo.

An yi wa Gwaggo aiki, ido ɗaya ya buɗe, ɗayan bai buɗe ba. Ni kuwa ina nan a kan bakana cewa rashin tsari ne a sa wa buɗe jaka da yanke takarda suna ɗaya, kuma da za a nuna mini biron da ake kai wannan ƙara, da na kai. Abin da na ƙaru da shi kaɗan ne: yanzu in zan kira mutum macuci, nakan fara danna abin da ya ce in danna, kuma a ɗaki, ni kaɗai.