Ranar da Na Shigo da Sola Falo

Abin da ba zan taɓa mantawa ba shi ne zuwan surukina Filinge, shekarar da sojoji suka karɓi mulki, kuran, wato wutar lantarki, ya zama sai an gani. Ni tela ne, kuma a lokacin na sa faifan sola a rufin ɗaki, da batir da ɗan firigo na sanyaya kaya. Damuwata ɗaya: abin yana can sama, ba mai ganinsa.

Surukin nawa makiyayi ne daga Sanam, kuma tun aurena da 'yarsa Hadiza kallon mai ɗinkin ɗan kamfai yake mini. Ya zo sayen allurar rigakafin shanu, wadda ba ta son zafi. Hadiza ta ce masa ya kawo a ajiye a firigonmu har ranar da zai sami mota.

Da na ji yana tafe, sai na hau sama na kwanto faifan, na goge shi tas, na jingina shi a falo kusa da kujerar baƙi (har da ɗan kyalle mai ado a kansa, Allah ya shirye ni). Hadiza ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata ai batir a cike yake, ta fita harkar maza.

Tsoho ya shigo, muka gaisa, na duƙar da kai ina jiran yabo. Bai ko kalli abin ba. Da zai yi salla ma a jikin faifan ya rataya rawaninsa. Ni kuma kunya ta hana ni ɗauke abin a gabansa, ga shi kwanan falo yake yi.

Ranar tafiya Hadiza ta buɗe firigo. Ruwa ya kwararo, kwalaben allura ɗumi kamar kunu. Batir ya daɗe da mutuwa.

Tsoho ya juya kwalba a hannu, ya dubi faifan, sannan ya tambayi 'yarsa, ba ni ba:

"Wanga abu, ba rana shika ci ba?"

Ta ce rana yake ci.

"To mi ya kawo shi inuwa?"

Na so ƙasa ta tsage. Shanunsa ba su sami allura ba sai da wata mota ta sake zuwa da sabuwa, kuma har yau in ya kira Hadiza sai ya ce ta gaida baƙon falo, wato faifan.

Yanzu faifan yana sama, ba mai yaba shi, firigo kuwa sanyi ƙarara. Na koyi barin abu inda yake aiki.